Babi na Shida: Zanen da Ke Bayan Koren Allo

Duk wanda ya taɓa kwance tsohuwar rediyo, ko cajar waya da ta mutu, ko rimot ɗin talabijin, ya ga abin nan: ɗan allo mai tauri, galibi kore, an jera masa ƙananan kayayyaki, wasu siraran layuka suna bin jikinsa, su miƙe, su karya kwana, su nutse cikin wani ɗan rami. Masu gyara suna ce masa fanel. Jikinsa zaren gilashi ne da aka jiƙa da ƙaro aka matse shi da zafi, kaurinsa a mafi yawan lokuta milimita 1.6. Layukan kuwa jan ƙarfe ne, mai kaurin kashi 35 cikin 1000 na milimita, wanda tun farko aka lulluɓe allon da shi gaba ɗaya, sannan aka sa sinadari ya cinye duk wurin da ba a buƙata. Koren da ido ke gani ma ba launin allon ba ne, fenti ne da aka shafa don kada dalma ta malale ta haɗa layin da bai kamata ya haɗu ba. Ramukan nan kuma an lulluɓe cikinsu da jan ƙarfe, ta nan wuta ke tsallakawa daga fuska ɗaya zuwa ɗayar. Allon caja na iya zama hawa ɗaya ko biyu. Na wayar hannu yakan kai hawa takwas, goma, har fiye, an ɗora wani kan wani an manne, ta yadda akasarin layukan suna ciki, inda ba mai ganin su ko da madubin ƙara girma.

Kafin allon ya zama abin da ake riƙewa a hannu, zane ne. A da, zanen na hannu ne zalla: ma'aikaci ya shimfiɗa farar roba mai ganin ciki a kan tebur mai fitila, ya riƙa liƙa baƙin tef yana lanƙwasa shi, girman zanen ninki biyu ko huɗu na ainihin allon, sannan a ɗauki hotonsa a rage. Yau zanen fayil ne a kwamfuta. Sai dai ba fayil ɗaya ba ne, kuma duk wanda bai rarrabe tsakanin ire-irensa ba zai yi ta ruɗewa a kan me ake nufi da a ce wata manhaja tana buɗe zanen allo.

Na farko shi ne zanen haɗi. A nan ba ruwan mai zane da girman komai ko inda zai zauna. Alamomi ne kawai: ga razista, ga kafasita, ga aisi mai ƙafa takwas, ƙafa ta uku tana haɗe da kaza. Na biyu shi ne shimfiɗar allon kansa, inda kowane abu ke samun gurbinsa na gaskiya da awonsa, a ja layin jan ƙarfe daga ƙafa zuwa ƙafa ba tare da wani ya taka wani ba. Na uku shi ne abin da ake miƙa wa masana'anta, wanda duniyar wannan sana'a ta sani da Gerber. Biyun farko su ne tunanin mai zane. Na ukun umarni ne ga inji.

Injin da ke rubutu da haske

Joseph Gerber ɗan Vienna ne a ƙasar Ostiriya, an haife shi a 1924, ya tsere wa 'yan Nazi ya isa Amurka a 1940 tare da mahaifiyarsa. (Paul Eisler, wanda ake jingina wa ƙirƙirar allon lantarki irin na yau, shi ma ɗan Vienna ne, shi ma gudun hijira ce ta kai shi Ingila a 1936. Gari ɗaya ya kori mutanen biyu.) Gerber yana ɗalibin injiniya ya ƙago wani ma'auni mai miƙewa da robar ƙugun wandon barcinsa, a kan wannan ya kafa kamfani a 1948 a jihar Connecticut. Cikin shekarun 1960 kamfanin ya fito da injin da ya kashe kasuwar baƙin tef: tebur ne a ɗaki mai duhu, an shimfiɗa fim a kai, ga fitila a sama, tsakaninsu wani faifai mai juyawa wanda aka huda masa ramuka iri-iri, wani zagaye, wani murabba'i, wani ƙarami, wani babba. Injin ya juya faifan ya zaɓi rami, haske ya bi ta ciki ya sauka a kan fim.

Abu uku kacal injin ya iya. Ya tafi wuri kaza da fitila a kunne, ya bar layi a bayansa. Ya tafi da fitila a kashe, bai bar komai ba. Ko ya tsaya cak ya ƙyasta haske sau ɗaya, ya bar tambarin ramin a wurin. Aka sa wa umarnin farko D01, na biyu D02, na uku D03. An daɗe da daina amfani da faifan, yanzu lesa ce ke wannan aiki, amma duk wanda ya buɗe fayil ɗin Gerber na bana da manhajar rubutu ta yau da kullum zai tarar da waɗannan lambobi uku suna nan daram. Ga misali:

%MOMM*%
%FSLAX26Y26*%
%ADD10C,0.250*%
D10*
X0Y0D02*
X10000000Y0D01*

Layin farko na cewa awon da milimita ne. Na biyu yana faɗin yadda za a karanta lambobi, wato shida na ƙarshe suna bayan ɗigo ne. Na uku ya ƙirƙiri rami mai lamba 10, zagaye, faɗinsa rubu'in milimita. Sai a ɗauki ramin, a je mafari da fitila a kashe, a kunna ta a tafi milimita goma zuwa dama. An ja layin jan ƙarfe guda ɗaya ke nan. Allon kwamfuta sukutum irin wannan ne aka maimaita sau dubbai.

A tsohon tsarin, jerin ramukan faifan ba ya cikin fayil. A takarda dabam ake aika shi, ma'aikacin masana'anta ya shigar da hannunsa, kuma in ya yi kuskure allon ya lalace. A 1998 kamfanin Barco na Beljiyam ya sayi wannan sashe na kamfanin Gerber, ya wallafa faɗaɗɗen tsari mai suna RS-274X wanda ya shigar da komai cikin fayil ɗaya. Magajinsa, Ucamco, shi ke kula da tsarin har yau, kuma a 2014 ya soke tsohon baki ɗaya, ya ƙara wani sabo, X2, da ke ba fayil damar faɗin ko shi wane ne: ni ne jan ƙarfen sama, ni ne fentin ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne, littafin da ke bayanin tsarin a buɗe yake, kowa na iya sauke shi kyauta. Saboda haka duk mai ƙwazo zai iya rubuta manhajar da ke karanta Gerber ba tare da neman izinin kowa ba, kuma an rubuta da yawa. Fitattu a cikin na kyauta su ne gerbv, wadda ta taso cikin ayarin manhajojin gEDA, da GerbView da ke zuwa tare da KiCad.

Wani zai ce me ya sa mutum zai duba abin da shi da kansa ya fitar? Saboda abin da yake gani a kwamfutarsa ba shi masana'anta ke gani ba. Kowane hawa fayil ɗinsa dabam: jan ƙarfen sama, na ƙasa, fenti biyu, farin rubutu, layin da za a yanke gefen allo, sai kuma fayil ɗin ramuka wanda tsarinsa ma dabam ne, ana ce masa Excellon. Manhajar dubawa tana ɗora su kan juna, kowanne da launinsa, a kunna wannan a kashe wancan. A nan ne ake kama ramuka sun goce daga gurbinsu domin an fitar da su da inci alhali sauran da milimita, ko hawan ƙasa ya juye, ko an manta layin yanka gaba ɗaya, ko farin rubutu ya hau kan wurin da za a sa dalma. Masana'antun Shenzhen a ƙasar Sin suna tallar ƙananan alluna biyar a kan 'yan daloli, amma abin da aka aika musu shi za su buga, tsaf, har da kuskuren. Kuɗin allon ba shi ne asarar ba, asarar ita ce kuɗin jirgi da makonnin jira. A ganina minti goma a gaban gerbv ya fi duk wani mataki arha a wannan sana'a.

Inda gizo ke saƙa

Fayil ɗin Gerber bai san komai ba game da lantarki. Bai san cewa murabba'in nan guda biyu ƙafafun razista ɗaya ba ne, bai san layin nan shi ke ɗauke da wutar batir ba. Siffofi kawai ya sani. Za a iya buɗe shi a goge layi ko a matsar da rami, har GerbView na iya tura siffofin zuwa manhajar zane, amma abin da zai iso tarin layuka ne marasa suna. Wanda ke son sauya aisi da wani, ko ya rage girman allo, ko ya gyara kuskuren da wani ya yi shekara goma da suka wuce, dole sai da fayil ɗin asali. Shi kuwa fayil ɗin asali, tsawon shekaru, kowane kamfanin manhaja yana da nasa tsarin, a kulle, ba mai buɗe shi sai manhajar da ta rubuta shi. Manyan irin su Altium da Cadence Allegro kuɗinsu dubban daloli ne a kujera ɗaya. Don a gane girman kasuwar, a 2024 kamfanin Renesas na Japan ya sayi Altium a kan kusan dala biliyan 5.9.

Ƙananan masu zane da ɗalibai kuwa, shekaru da dama EAGLE ce gatansu. Wani ƙaramin kamfanin Jamus, CadSoft, ya fito da ita a 1988, kuma ya yi dabarar ba da ita kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi ba, da sharaɗi: allo kada ya wuce milimita 100 a kan 80, kuma hawa biyu kawai. Wannan ya ishi mafi yawan ƙananan ayyuka. Da Arduino ta shahara, zanen allunanta na farko a tsarin EAGLE aka wallafa su, dubban mutane suka bi sahu, har ta zama kamar ita ce harshen masu raba zane a intanet. A 2009 Premier Farnell ya sayi CadSoft. A 2016 Autodesk ya saye ta daga hannunsa. Farkon 2017 aka daina sayar da lasisin dindindin, aka koma haya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma sai manhajar ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci tana tabbatar da mai ita. A 2023 Autodesk ya sanar cewa daga 7 ga Yuni 2026 ba zai ƙara sayar da EAGLE ko kula da ita ba, masu ita su koma wata manhajarsa mai suna Fusion.

Ba wanda ya karya doka a nan. Kamfani ya sayi kaya, ya yi yadda ya ga dama da kayansa. Amma mutanen da suka zuba aikin shekara ashirin a cikinta sun gane a aikace cewa zanen aro ba ya rufe katara. Sa'ar da suka ci ɗaya ce: tun a 2011 CadSoft ya mai da fayilolin EAGLE zuwa rubutu da ake iya karantawa, don haka wasu manhajoji suka iya koyon buɗe su. Wadda ta fi kowa kwasar waɗannan 'yan gudun hijira ita ce KiCad.

Malamin Grenoble da masu fasa ƙwayar zarra

Jean-Pierre Charras malami ne a wata cibiyar koyar da fasaha ta jami'a a Grenoble, kudu maso gabashin Faransa. A 1992 ya fara rubuta KiCad, kuma daga baya aka sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar kwafa, karanta cikin manhajar, sauya ta, har ma sayar da ita, muddin zai miƙa wa na gaba irin wannan dama. Ba iyakar girman allo don a tilasta maka biya, ba sharaɗin cewa kada ka yi kasuwanci, ba rajista. Gaskiyar magana, kusan shekara ashirin KiCad ba ta da daɗin aiki. Sassanta kamar ba su san juna ba, sai ka fitar da fayil daga nan ka kai can da hannunka, maɓallin da ke abu kaza a wannan taga yana wani abu dabam a waccan. Ƙwararru suna kallon ta a matsayin abin wasan masu sha'awa, kuma ba su yi ƙarya sosai ba.

Abin da ya sauya labarin ya zo daga inda ba a zata ba. CERN, cibiyar binciken nan da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa kusa da Geneva, mai ramin ƙarƙashin ƙasa da zagayensa ya kai kilomita 27, tana ƙera na'urorin lantarki masu ɗimbin yawa don sarrafa injinanta. Wani rukunin injiniyoyinta ƙarƙashin Javier Serrano suka fara wallafa zanensu a fili, har suka fito da lasisin buɗaɗɗen kayan lantarki na CERN a 2011. Shahararren aikinsu shi ne White Rabbit, wanda ke daidaita agogon na'urori masu nisan kilomitoci da juna har saɓaninsu bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. Sai suka ci karo da tambayar da ba ta da daɗi: in ka wallafa zane ka ce kowa ya ɗauka ya gyara, amma ba ya buɗuwa sai da manhajar dubban daloli, wa ka buɗe wa? Daga 2013 CERN ta fara zuba lokacin ma'aikatanta da kuɗin gudummawa a kan KiCad.

Babbar kyautarsu ita ce hanyar jan layi da Tomasz Włostowski ya rubuta, wadda ta fito a KiCad 4 a ƙarshen 2015. Sai wanda ya taɓa jan layi a cunkushen allo zai san darajarta. Bayan ka jera kayayyaki, manhajar tana nuna maka wasu siraran zaruruwa sun sarƙe ko'ina, kowanne yana cewa ƙafar nan na bin ƙafar can bashin haɗi. Aikinka shi ne ka mai da kowane zare layin jan ƙarfe. Layi hamsin na farko ba wuya. Na hamsin da ɗaya sai ka tarar hanyarsa ta toshe, kuma a tsohon yayi sai ka goge layi biyar ko shida ka sake su ɗaya bayan ɗaya don ka samar masa kafa. Da sabuwar hanyar, kana jan linzami kana ganin layukan da ke gabanka suna matsawa gefe da kansu, kowanne yana ture na kusa da shi, ba tare da wani ya shiga tazarar da masana'anta ta gindaya ba. In wuri ya ƙare, layin ya ƙi tafiya. A da sai a manhajoji masu tsada ake samun wannan.

Tare da ita aka kawo daidaita tsawon layi. A cikin irin wannan allo sigina na tafiyar kusan santimita 15 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Ga fitilar tebur wannan ba komai ba ne. Ga ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda layi goma sha shida ke ɗauke da saƙo ɗaya kuma dole su iso tare, bambancin 'yan milimita na iya rikita saƙon. Shi ya sa in ka ƙura wa fanel ɗin kwamfuta ido za ka ga wasu layuka suna lanƙwashe-lanƙwashe a wuri ɗaya ba gaira ba dalili. Gajeru ne aka ƙara musu tafiya don su jira dogayen.

Daga nan abin ya kankama. A 2019 KiCad ta shiga inuwar Linux Foundation, Wayne Stambaugh na jagorantar masu rubuta ta. KiCad 6 ta fito a Disamba 2021, ta 7 a Fabrairu 2023, kuma daga nan kowace shekara sabuwa: ta 8 a 2024, ta 9 a 2025. Tana ɗaukar hawa 32 na jan ƙarfe, tana nuna allon a siffarsa ta zahiri a juya shi ta kowane gefe, tana gwada da'ira kafin a ƙera ta, tana bin zane layi-layi ta nuna inda aka karya ƙa'idar tazara. Tana buɗe fayilolin EAGLE da na Altium da wasu. Kamfanin Olimex na Bulgeriya ya zana ƙaramar kwamfuta sukutum da ita, rediyon HackRF One da ita aka zana shi, Raspberry Pi kuma ta wallafa zanen allon da ake ɗora Compute Module 4 a kai a tsarinta.

Ni dai abin da ya fi burge ni a KiCad ba ya cikin waɗannan. Fayil ɗinta rubutu ne zalla. Ka buɗe shi za ka ga baka-baka cikin baka, ga sunan razista, ga inda take, ga layin da ya fito daga gare ta da faɗinsa da hawansa. Mutum biyu da ke aiki a kan allo ɗaya suna iya kwatanta na jiya da na yau su ga abin da ya sauya. Ko da a ce gobe duk masu rubuta KiCad sun watse, wanda ke da fayil ɗin da kwafin manhajar a filasha bai rasa komai ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Manhajar da ake kira pcb kawai, Thomas Nau ya fara ta a 1990 a kan kwamfutar Atari, daga baya ta haɗu da gEDA da Ales Hvezda ya kafa a 1998. Yau 'ya'yansu, pcb-rnd da Lepton EDA, suna da mabiyansu 'yan kaɗan masu tsananin kishi. LibrePCB da Horizon EDA sababbi ne, duka biyun sun taso ne daga ƙorafi a kan yadda tsofaffin ke tsara rumbun kayayyaki. Fritzing, daga wata jami'ar Potsdam a Jamus, ta dace da mai koyo a makon farko, amma da wuri ake fin ƙarfinta. Akwai kuma EasyEDA, wadda ba a biyan ko sisi kuma tana da sauƙi ƙwarai, sai dai cikinta a rufe yake, kuma 'yar gida ɗaya ce da masana'antar JLCPCB da dillalin kayayyaki LCSC. Ba laifi ba ne mutum ya yi aiki da ita. Ya dai tuna cewa EAGLE ma a da ba a biyan ko sisi.

Mai gyara da allon da ba shi ya zana ba

Akwai wani mai buƙatar duba zane wanda ba zai taɓa aika komai masana'anta ba. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko a kowane shagon gyaran laftof, mai gyara yana zaune da mita da buluwa, gabansa fanel ya ƙi tashi. Ya auna ya ga wani layin wuta ya haɗe da ƙasa. Wace kafasita ce ta ƙone a cikin talatin da ke kan wannan layi, kuma ina suke? Layin ya nutse a hawa na huɗu, ido ba zai bi shi ba.

Don wannan akwai wani nau'in fayil na huɗu, wanda masana'antu ke yi don gwajin alluna: ba ya nuna layukan, amma yana nuna kowane abu a gurbinsa da sunan layin da kowace ƙafa ke kai. OpenBoardView manhaja ce ta kyauta, buɗaɗɗiya, da ke karanta ire-irensa da dama. Ka danna ƙafa ɗaya, duk wuraren da ke haɗe da ita su haska, ka juya allon ka ga na bayansa. Aikin yini ya koma na rabin sa'a. Ta yi suna a wurin masu gyaran kwamfutocin Apple, musamman ta bidiyoyin Louis Rossmann da ya yi shekaru yana gyara a New York yana kuma fafutukar a ba mutane haƙƙin gyara kayansu. Ba ta da nauyi, kuma ba ta buƙatar data in an riga an sauke ta, abin da ba ƙarami ba ne ga mai shago a inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa.

Sai dai a nan manhajar ce kaɗai a buɗe. Fayilolin kansu manyan kamfanoni ba sa sakin su. Mafi yawan waɗanda ke yawo sulalowa suka yi daga masana'antu, wasu na tsohon samfuri ne da bai yi daidai da fanel ɗin da ke hannunka ba, wasu kuma an tattara su an kulle a cikin manhajojin haya da mai gyara ke biya duk shekara. Wato matsalar injiniyoyin CERN ce aka juya: su suna da zanen da suke son bayarwa ba su da buɗaɗɗiyar manhaja, mai gyara yana da manhajar ba shi da halastaccen zane. Ta farko masu rubuta manhaja sun iya magance ta. Ta biyu sai doka, shi ya sa ake ta jan zancen haƙƙin gyara a majalisun Turai da na jihohin Amurka.

Kada kuma a ɗauka KiCad ta gama da kowa. Kamfanin da ke zana allon babbar waya, da injiniyoyi da yawa a kan fayil ɗaya a lokaci guda, da buƙatar lissafin yadda sigina mai tsananin sauri ke karkacewa, har yanzu yana da dalilin biyan dubban daloli. Fayil ɗin da aka shigo da shi daga wata manhaja ba kasafai yake isowa lafiya lau ba, sai an bi shi an duba ƙa'idojin tazara da wuraren da aka cike da jan ƙarfe. Kuma fayil ɗin da sabuwar KiCad ta adana, tsohuwa ba ta buɗe shi, don haka masu aiki tare sai su yi yarjejeniya a kan wadda za su riƙe.

Akwai kuma kuskuren da babu manhajar da ke kamawa, ta kyauta ko ta kuɗi. Kowane abu da za a ɗora a allo yana da sawunsa, wato siffa da tazarar wuraren da ƙafafunsa za su zauna, kuma manhaja ta yarda da duk sawun da aka ba ta. In an zaɓi na aisi mai tazarar milimita 0.65 alhali wanda aka sayo na 0.5 ne, ko taranzistar da ke hannu jerin ƙafafunta ya saɓa da na rumbu, binciken ƙa'ida zai ce komai daidai, gerbv ma ta nuna zane mai kyau, sai alluna sun iso a ga abu ya ƙi zama. Tsofaffin hannu kan buga hawan sama a takarda, a girmansa na ainihi ba ragi ba ƙari, su auna gefensa da rula don tabbatar da firinta ba ta rage shi ba, sannan su ɗauko kayan ɗaya bayan ɗaya da hantsaki su ɗora kowanne a kan sawunsa, musamman soket-soket da duk wani aisi da ba su taɓa aiki da shi ba, kafin su tura fayil.